Asabar ɗin da Na Ƙi Karanta Masa Allo

Ni tela ce. Shekara talatin ina kan keke, in mace ta shigo ɗakina, kafin ta zauna na san yadi nawa zai ishe ta. Amma yau ka tare ni a hanya ka ce, “Mama, mene ne adireshin firintar ɗakin magani?” ko tunani ba zan yi ba, zan ce maka goma, ɗigo ashirin, ɗigo ɗaya, ɗigo arba’in da huɗu. Ba wata makaranta na shiga ba. Zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo mini farin kai, maɗaukin kanwar kuwa maigidana ne, uban ’ya’yana huɗu, mutumin da ranar rabon taurin kai ya shiga layi sau biyu.

A asibitin da yake aiki, Baba Waya suke ce masa, tun daga babban likita har mai shara. Sunan ya bi shi tun yana saurayi, lokacin da aka ɗauke shi gyaran tarho. Ni ma a kan tsani na fara ganinsa. Ya zo ja wa maƙwabtanmu waya, filaya a baki, ya leƙo ta kan katanga ya ce don Allah in miƙo masa sukudirebansa da ya faɗo gidanmu. Na miƙa masa, washegari ya sake faɗowa, jibi ma haka. Babata ce ta ce, “Yaron nan ko dai hannunsa na da ciwo, ko kuwa da magana a bakinsa.”

Da kwamfutoci suka zo asibitin, aka rasa wanda zai haɗa su da juna, sai wani ya ce ai waya waya ce, a kira Baba Waya. Ya samo wani littafi mai kauri, kusurwoyinsa duk sun naɗe, ya shekara yana fama da shi da ƙamus a gefe. Daga nan ya zama shi ke raba wa kowace na’ura adireshinta, shi ke shimfiɗa hanyar da saƙo zai bi daga wannan gini zuwa wancan, har zuwa ƙaramin reshen asibitin da ke hayin kogi, tafiyar awa biyu a mota.

Aikin ya biyo shi har gida. Kowane soket a gidanmu an manna masa ’yar takarda mai lamba. Tukwanena ne kawai suka tsira, su ma don na yi rantsuwa. In baƙo ya tambaye shi hanya a titi, ba zai taɓa kwatanta masa duka ba. Sai ya ce, “Ka ga kwanar can? Je ka, ka tambayi mai kanti.” Wata rana na ce, “Haba Malam, ka san gidan nan kamar yunwar cikinka, ka faɗa wa bawan Allah mana.” Ya ce, “Kafin ya kai kwana ta biyu ya manta. Haka intanet ɗin duniya duka ke tafiya, Tela. Ba na’urar da ta san hanya tun daga farko har ƙarshe. Kowace maƙwabciyarta ta gaba kawai ta sani, ta miƙa mata, ita ma ta miƙa.” Na ce Allah Ya tsare mu da ɓata a garin da kowa irinka ne. Shekaru yana yi mini irin wannan karatu ina kan keke, yana shiga ta kunnen dama yana fita ta hagu. Ban san wata rana zan nemi abin ba.

Ciwon suga ne ya taɓa masa ido. Ni na fara ganewa, ba shi ya faɗa ba. Mutumin da ke zura mini zare a allura in ta gagare ni, sai ga shi yana kai wayarsa har tsinin hanci, yana karkata kai gefe. Ya zuba ruwan shayi a gefen kofi, ya ce teburin ne ya karkace. Na matsa masa lamba har ya yarda muka je wurin wani likitan ido a can ƙarshen gari, inda ba wanda ya san shi. Likitan ya daɗe yana haskawa, sannan ya ce jijiyoyin bayan idon ne ke tsiyaya, shi ya sa tsakiyar ganinsa ke dushewa. Ya ce a riƙe sugan da kyau, a riƙa dawowa duk wata uku.

A hanyar dawowa, muna sauka daga bas ya juyo gare ni. Ya ce, “Kada kowa ya ji. Ko yara.”

Na ce, “Aikin fa?”

Ya ce, “Aikin a kaina yake.”

Ta wani ɓangaren yana da gaskiya. Na’urori ɗari biyu da ɗoriya, adireshin kowace yana kansa. Yatsunsa sun san kibod ba sai ya duba ba. Amsar da na’ura ke mayarwa a allo ita ce matsalar. Ya ƙara girman rubutun har harafi biyar ke cika allon, hakan ya taimaka na ɗan lokaci, daga baya ya daina. A ranakun aiki yana dabara, ya ce wa wannan ya manta tabarau, ya ce wa wancan karanto mini, hannuna da datti. Wadda yake tsoro ita ce shugabar sashensu, wadda kowa ke kira Madam. Shekara uku da zuwanta, mace mai digiri biyu, mai sauri, ba ta da dogon surutu. Shi kuwa ko takardar shaida ɗaya ba shi da ita a wannan fanni, kuma ya sa wa ransa cewa dalili kawai take jira ta sallame shi. Ba yunwa yake tsoro ba, yara sun girma sun kama aiki. Tsoronsa ya wayi gari ba inda za shi, ba mai bugo waya ya ce, “Baba Waya, abu ya tsaya.”

Sai ya riƙa tura manyan ayyuka zuwa Asabar, ranar da ofishinsu ba kowa. Wata Asabar da safe ya tsaya a bakin ɗakin ɗinki yana juya makulli a hannu. Ya ce, “Tela, ai kin iya karanta lamba ko?”

Na ce, “Ina fa! Da tsinke nake auna mutane.”

Bai yi dariya ba. Na ɗaga kai na dube shi, sai na sauke ƙafata daga keken na ɗauki mayafi.

Ɗakin na’urorin yana bayan ɗakin wanki na asibitin, ɗan ƙarami, ba taga. Iyakwandishan na huci ba hutu, sanyi har cikin haƙori. Akwai kabad na ƙarfe tsayin mutum, na’urori jere a ciki, ƙananan fitilu kore suna ta ƙiftawa, wayoyi shuɗaye an ɗaɗɗaure su tsaf kamar sabon kitso. Kujera ɗaya ce, ni sai ya kife mini bokiti ya ɗora kwali. Mai gadi ya ɗauka rakiya nake yi don ƙauna ta yi mana yawa, duk Asabar sai ya ce, “Amarya da ango, a fito lafiya.”

A kan bokitin nan na yi karatun da na ƙi yi shekara ashirin. Ya ce, “Adireshi lamba huɗu ne, ɗigo a tsakaninsu, kuma ba wadda ke wuce ɗari biyu da hamsin da biyar. A tsarinmu na nan, ukun farko sunan unguwa ne, ta ƙarshe lambar gida. Gida biyu in suna unguwa ɗaya, kai tsaye suke magana. In saƙon na wata unguwa ne, sai a kai shi ƙofa.” Ƙofar ita ce wata na’ura mai ruwan toka da suke kira rauta. Ya buga wani abu, sai ga jerin layuka a allo, ya ce in karanto. Kowane layi cewa yake, unguwa kaza, bi ta wajen maƙwabciya kaza. Layin ƙarshe duk sifiri ne. Ya ce wannan na baƙi ne, duk adireshin da ba ya cikin jerin, ta nan ake tura shi babbar hanya, can cikin duniya.

Na ce, “Wato in ba ta san ka ba sai ta kore ka waje?”

Ya ce, “Ba kora ba ce. Tana kyautata zaton na gaba ya fi ta sani.”

Na ce, “Ai haka ake ɓatar da mutane.”

Akwai kuma abin da yake kira sallama. Zai buga adireshin wata na’ura, kwamfutarsa ta aika mata ɗan saƙo, in tana nan kuma hanya lafiya take sai ta amsa. Tun kafin in fara zuwa ya saita kwamfutar ta riƙa yin ƙara, ƙit, duk lokacin da amsa ta dawo. Da kunne yake zagaya asibitin daga kujerarsa. Ƙit, ɗakin magani na nan. Ƙit, ɗakin hoto na nan. In ya yi wa reshen hayin kogi sallama ta amsa, har murmushi yake yi, ya ce, “Kin ji? Awa biyu a mota, ita kuwa ta je ta dawo kafin ki ƙifta ido.”

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗin Asabar ɗin nan. Shekara talatin da biyu da aure, sai a ɗakin nan na ga mijina sosai. A gida in ka cire “an gama abinci?” da “ina takalmina?” maganarsa ba ta cika cokali ba. A nan kuwa ya lumshe ido, yatsu na gudu, ina karantowa yana gyaɗa kai, yana lallashin na’ura kamar mai jinyar jariri. In na karanta layi mai tsawo ban yi tuntuɓe ba ya ce, “Madalla da injiniya.” Ina son mutumin nan, kuma a kan bokitin nan na ƙara sanin haka. Wata goma sha huɗu muka yi a haka.

Ana nan sai gidaje suka ƙare. Unguwa ɗaya gida ɗari biyu da hamsin da huɗu take ɗauka, don lambar farko sunan unguwar ce kanta, ta ƙarshe kuma ta shela ce, in za a kira kowa da kowa. Asibiti ya yi ta sayo sababbin na’urori har aka rasa lambar ba su. Maganin shi ne kowane sashe a yanka masa unguwarsa. Shi ya tsara abin a kansa, ya faɗa na rubuta a bayan littafin awona, ya kai aka buga, Madam ta sa hannu. Duk Asabar sashe ɗaya. Aikin hawa uku ne: a canza wa na’urorin sashen adireshi, a sanar da rautar gida, sannan daga nan inda muke zaune a shiga rautar reshe a ƙara mata layi ɗaya, don ita ma ta san hanyar sabuwar unguwa. Asabar ta farko muka tashi ɗakin haihuwa zuwa sabuwar unguwarsa, goma, ashirin, biyu. Kafin azahar mun gama, komai na amsawa.

Ranar Laraba muka koma wurin likitan ido. Wannan karon bai daɗe yana haskawa ba. Ya ce na dama ya kusa tafiya, na hagu ne ake iya tarewa, amma sai da wata na’ura mai ƙona jijiyoyin da haske, kuma a duk garin wuri ɗaya take. Ya faɗi wurin. Asibitin maigidana ne, ɗakin idon da shi da hannunsa ya ja wa waya. Likitan ya rubuta takarda, ya ce ba abin wasa da makonni ba ne.

Malam ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihu. Da muka fito ya ce, “Saura sashe biyar. In na gama sai in je.”

Na ce, “Mako biyar ke nan.”

Ya ce, “In na shiga ɗakin nan yau, kafin la’asar har mai shara ya ji. Litinin Madam ta karɓi makulli, aikin ya tsaya a rabi.”

Kwana biyu ina yi masa magana, da lallashi, da faɗa, da kuka, ko gezau. Asabar da safe ya shirya, ya tsaya a bakin ɗakin ɗinki da makullinsa. Yau ɗakin gwaje-gwaje ne, inda ake auna jini, za a mayar da shi unguwa ta uku. Ban ɗago ba, na ci gaba da taka keke.

Ya ce, “Tela, rana na yi.”

Na ce, “Ba ni zuwa. Ni ce na ɗaure maka gindi kake wannan ɓoyo, to na sauka. Idon da ya rage maka ba zan taya ka kashe shi ba. Ka ba ni takardar nan mu je ɗakin ido, in bi ka duk Asabar ɗin da ta rage a duniya.”

Ya sa makullin a aljihu. Ya ce, “To, a yi ɗinki lafiya.” Na ji ƙarar ƙofar gida. Na ɗinka hannun riga a bai-bai, na farke, na sake ɗinka shi a bai-bai. Ni a lissafina zai je ya zauna gaban allo, ya ga ba dama, ya dawo. Na manta da wanda nake aure.

Wajen ƙarfe ɗaya ya shigo yana fara’a. Ya ce, “An gama. Na yi wa kowa sallama, kowa ya amsa, har reshe.” Ya wanke hannu ya zauna cin abinci, yana ci yana ɗaga mini gira. Bai kai rabi ba wayarsa ta yi ƙara. Madam ce, kuma ina jin muryarta daga inda nake. Tun hantsi sakamakon gwajin jini bai isa reshe ba. Da safe mota ke kawo jinin, a auna a nan, sakamakon ya koma ta kwamfuta. Yanzu marasa lafiya na zaune a benci a can, nas na bugowa ana karanta mata lambobi ɗaya bayan ɗaya da baki, har an kusa haɗa na wani da na wata. Ta ce tana ɗakin na’urori, ya zo yanzu.

Ya ajiye cokali. Ya lalubi makullinsa a teburi. Na ce a raina na shiga uku, ni na jawo. Bai ce in zo ba, ban ce zan zo ba, tasi ɗaya muka shiga.

Madam na tsaye a gaban kwamfutarsa, ta naɗe hannun riga. Ta ce, “Baba, na duba rautar gida, komai daidai. Na yi wa reshe sallama daga nan, tana amsawa. Ban gane ba. Zauna ka duba, kai ka san abin da ka taɓa.” Sai ta lura da ni. Ta ce, “Sannu Mama. Akwai benci a waje, nan da sanyi.”

Ya zauna. Ya sa yatsu a kan kibod. Ya kafa wa allon ido, allon da na san ba abin da yake gani a cikinsa sai haske. Na yi kamar zan fita, na tsaya a bakin ƙofa, ina tunanin yadda zan zagayo bayansa in raɗa masa, amma ɗakin ko mutum biyu da ƙyar yake ɗauka. Wayar Madam ta sake yin ƙara, ta ce wa nas ɗin reshe ta ƙara haƙuri, ga Baba Waya ya zo. Iyakwandishan na huci, ni kuwa gumi nake.

Ya sauke hannunsa daga kibod ya ɗora a gwiwa. Ya ce, “Madam, bar ta ta shigo. Ita ke karanta mini. Ba na ganin allon nan.”

Madam ta ce, “Ka manta tabarau?”

Ya ce, “Ba tabarau ba ne. Ido ne.”

Ta dube shi, ta dube ni. Ta matsa gefe. Na jawo bokitina na kife, na zauna inda na saba.

Yana jin na zauna sai muryarsa ta dawo daidai. Ya ce, “Madam, daga ina kika yi sallamar?” Ta ce daga kwamfutarsa. Ya dafe goshi. Ya ce, “Ni ma daga nan na yi. Kwamfutar nan tana tsohuwar unguwa, reshe ta san hanyarta tun shekara goma, dole ta amsa. Ba mu tambaya daga ɗakin gwaji ba.” Yatsunsa suka yi gudu, ya shiga rautar reshe. Ya ce, “Tela, karanto.”

Na karanto. Goma, ashirin, ɗaya, sifiri, ta wajen rautar gida. Goma, ashirin, biyu, sifiri, ta wajen rautar gida. Unguwar reshen kanta. Sai layin sifirai.

Ya ce, “Uku fa?”

Na ce, “Babu uku, Malam.”

Ya ce, “Da hannuna na rubuta.”

Madam ta miƙo hannu ta ja rubutun sama, zuwa aikin safe. Ga layin nan da ya rubuta, lambobi duk daidai, amma a kalmar farko yatsansa ya zame ya haɗa harafi biyu. A ƙarƙashi na’urar ta yi ’yar alama, ta rubuta cewa ba ta gane ba. Tun ƙarfe goma take faɗa masa, ba mai karantawa. Ya yi bayanin sauran da kansa, a hankali, kamar ba laifinsa yake faɗa ba. Kwamfutar ɗakin gwaji na aika sallama, tana isa reshe lafiya. Reshe na amsawa, amma rautar can ba ta san unguwa ta uku ba, sai ta tura amsar babbar hanya ta ɓace. Ita kuwa ta ɗakin gwaji ba ta sakin sakamako sai ta ji an amsa. Hanyar zuwa na nan, ta dawowa ce babu.

Ya faɗi layin, Madam ta buga, ni na karanta musu shi daga farko har ƙarshe kafin ta danna. Ba a yi minti biyu ba nas ta bugo, muna jin ta tana cewa ga su nan suna shigowa, duka, alhamdu lillahi.

Madam ta kashe wayar ta jingina da kabad. Ta ce, “Wata nawa?”

Ya ce, “Goma sha huɗu da ita. Kafin nan ina lallaɓawa.”

Ta juyo kaina. “Wato Mama, kin san kalmar sirrin duk na’urorin asibitin nan?”

Na ce, “’Yata, ni taurari kawai nake gani a allo in yana bugawa. Amma in adireshi ne, tambaye ni.”

Ta so ta yi dariya, ta haɗiye. Ranta ya ɓaci da gaske, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce masa yau Allah ne Ya tsare, da an ba wani maganin wani fa? Ta ce akwai manhaja mai karanta allo da murya, da ya faɗa da tuni an sa masa. Ta ce shekara uku tana roƙonsa ya zauna su rubuta abin da ke kansa yana zillewa, ita ta ɗauka raini ne. Ta ce daga yau ba zai ƙara taɓa na’ura shi kaɗai ba, sauran magana sai Litinin, kuma ba ta yi masa alkawarin komai ba. Duk yana sunkuye, mutumin da ya haife ta a shekaru, yana cewa, “Gaskiya ne, Madam.” Daga baya ta riƙe shi a aiki, shi ke tsarawa wasu na bugawa, idon dama ya tafi, na hagu aka tare abin da ya rage. Amma ranar ba mu san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya ɗora makullin a kan teburi da kansa, ba ta ce ya ɗauka ba.

Muka fito baranda. Rana ta haske mana fuska, ya tsaya cak. Na ɗauka zai yi mini faɗa, na ma shirya amsata. Sai na ga ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar likita, ta yi laushi don ninki, ya miƙo ta wajen da yake zaton ina tsaye, ya ɗan kauce. Na matsa na karɓa.

Ya ce, “Ko akwai wanda zai rubuta sunana yau a ɗakin ido?”

Na ce, “Mu je mu gani.”

Ya ɗora hannunsa a kafaɗata, a tsakiyar asibiti, rana tsaka, mutane na wucewa. Doguwar baranda ce daga ɗakin wanki zuwa ɗakin ido, sai an wuce ɗakin magani da ɗakin yara. Wata nas ta fito da tire, ta gan mu ta tsaya. Ta ce, “Baba Waya, lafiya kuwa?”

Na buɗe baki zan ce jiri ne, ƙaryar ta riga ta saba da harshena. Ya matsa kafaɗata. Ya ce, “Ido ne, ’yata. Ba na gani sosai.”

Mai tura keken marasa lafiya ya tambaya, ya faɗa masa. Mai ba da magani ta leƙo ta taga, ya faɗa mata tun kafin ta tambaya. Kowace faɗa muryarsa na ƙara sakewa. Da muka kai kwanar ƙarshe hawaye sun rufe mini ido, na rage tafiya don ban ga gabana ba. Ya ji na tsaya, ya ce, “Tela, yi tafiya mana. In ke ma kin daina gani, wa zai kai mu?”